Jif Ɗin da Aka Sa wa Labule

Unguwar Mati,
Babban Mutum.
Ƙarshen bazara.

Zuwa ga maigidana Malam Harisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, yaya aiki, yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ƙarewa? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka. 'Yarka Khairunnisa tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka haƙorinta na gaba ya fita. Inna mahaifiyarka ma tana nan, sai 'yar rama da ta yi, ta ce zafi ne ya hana ta cin abinci.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban shanu alhali ga waya. Ka san babu inda ake samun sabis a nan sai gindin darbejiyar ƙofar gida, kuma can ne majalisar dattawa. Kafin in gama ce maka ina kwana duk unguwa ta baza kunne. Maganar da ke cikina kuwa ba ta gindin bishiya ba ce.

Maganar jif ɗin nan ce da ka saya wa gida a hannun Okafor, mai kayan mota na Daura. Mota kam ka sayi mota. Tsohuwa ce, in aka tayar da ita kaji sai su watse, hayaƙin dizal ya cika zaure, amma yashin hanyarmu da ke riƙe ƙananan motoci sai an tura, ita ko a jikinta. Ranar bikin gidan maƙwabcinmu Zakiyyu ta kwashe mu da yara da tukwane da buhun gero, ƙafafun nan huɗu duk suna ja, ta haye rafi ba ta ko yi nishi ba. Na yi maka addu'a, kuma na yi 'yar fankama a gaban matan unguwa, ba zan ɓoye maka ba.

Abin da ban gane ba shi ne ƙaninka Kabiru da ka damƙa wa makulli. Ya sa tela ya ɗinka wa tagogin baya labule mai kauri. Ya kwance kujerar baya ya jingine ta a zaure, ya shimfiɗa katifa a gurbinta. Na tambaye shi cikin wasa ko amarya zai ɗauko, maimakon ya rama kamar yadda ya saba sai ya ce rana ce ke shigowa, ya wuce. Kabirun da ba na shigewa ta gabansa bai tsokane ni ba, yanzu ko idona ba ya son kallo.

Sannan ga fitar sassafe. Da an idar da sallar asuba sai ya matso da motar bakin zaure, Inna ta fito a lulluɓe ta shige baya, sai bayan magariba su dawo, wani lokaci har su kwana. Wai Dutsi take zuwa duba ƙanwarta. Inna da ko kasuwar Babban Mutum sai an yi da gaske take zuwa, yaushe ta zama mai son yawo?

Ina dai kallo tukuna. Ka kula da kanka, ka rage shan shayin nan. Allah ya tsare mana kai.

Taka,
Shatu.

Unguwar Mati.
Bayan shuka.

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya fito da kyau. Saƙon atamfa ya iso, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Amsar da ka aiko kuwa, cewa in daina sa ido a kan abin da ba ruwana, ita ma ta iso. To bari ka ji abin da idon nawa ya gano.

Ƙawata Fadila da ke aure a Dutsi ta zo suna a nan. Na ce mata ai suna ganin Inna a kai a kai, sai ta yi sororo. Gidansu katanga ɗaya da gidan ƙanwar Inna, ta rantse rabon da ta ga Inna a garin tun ƙaramar Salla. Jif ɗinka kuma ba motar da za ta shiga gari a ɓoye ba ce, daga nesa ake jin gurnaninta.

Tun daga ranar na daina barcin safe. Duk fitar da za su yi sai Kabiru ya loda jarkokin dizal a baya ya rufe da tabarma. In sun dawo ba ya bari kowa ya matso, shi kaɗai zai ɗebi ruwa da omo ya wanke cikin motar tas, ya shanya katifar a bayan rumbu, sannan ya kunna turaren wuta a ciki. Me ake ɗaukowa da sai an kashe warinsa? Na kuma ji yana faɗa wa Okafor a waya ya nemo masa sabbin shokozoba, wai na yanzu sun cika tauri, ba sa kare mutum daga gargada. Mota mai sauƙin kaya me za ta yi da sabbin shokozoba?

Abban Khairunnisa, kai ka fi ni sanin inda muke zaune. Daga gonarmu ta arewa mutum yana iya hango Nijar. Ka san abin da samari ke yi da mota mai ratsa yashi, kuma ka san abin da kwastam ke yi wa wanda suka kama. Zuciyata ta ba ni fasa-ƙwauri Kabiru yake yi, ya kai mai can, ya ɗauko abin da Allah kaɗai ya sani. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Inna. Wa zai tsayar da mota ya ce tsohuwa ta tashi daga kan katifa zai duba ƙarƙashinta? Da ita yake fakewa, ita kuma ɗan autanta ne, ko wuta ya ce ta shiga za ta shiga. Da za ka ga yadda take dawowa a jigace, ta yini a ɗaki ba ta ko shan fura, ɗankwali a ɗaure tam har kan gira, da ka tausaya mata.

Na gwada bugun cikinta. Na kai mata kunu na ce yaya mutanen Dutsi, ta ce suna lafiya, ta juya fuska bango. Surukata ce, ba ni da bakin da zan ƙara tambaya.

Takardun motar nan sunanka ne a kai. Ranar da aka kama ta, ba Kabiru za a nema ba, kai za a nema, kuma sunan gidanmu ne zai shiga bakin duniya. Ni a ganina ka karɓe makullin tun da sauran mutunci. Gara mu koma hawa amalanke da in je gaishe ka a gidan yari. Tsoro nake ji, shi ya sa na matsa.

Khairunnisa tana gaisuwa. Allah ya kare mu daga abin kunya.

Matarka,
Shatu.

Unguwar Mati.
Tsakiyar damina.

Maigida,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai ruwa da ya yi yawa, rafi ya cika har ya fara cin gonar Zakiyyu.

Okafor ya zo ya tafi da motar kamar yadda ka umarce shi. Ya ce za ta zauna a gaban shagonsa a Daura har a sami mai saye, kuma ka hana shi ba kowa makulli. Na gode da ka ji maganata.

Na zaci Kabiru zai yi rigima, na ma shirya masa amsa. Ko kaɗan. Ya ciro makullin ya miƙa, ya tsaya yana kallon ƙofar ɗakin Inna kamar mai jiran a kira shi, ba a kira shi ba. Da ya shigo na ce masa yanzu sai a huta da zuwa Dutsi. Ya dube ni, wani irin kallo da ban taɓa gani a idonsa ba, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Marar gaskiya dai ba ya rasa abin faɗa, amma wannan sanyin nasa ya tsaya mini a rai.

Kada ka saki jiki tukuna. Jiya na gan shi ya aro babur yana ɗaura matashi a kujerar baya da igiyar roba. Ina jin wata hanyar yake nema, kuma idona na kansa.

Inna ba ta ce uffan ba a kan tafiyar motar. Fushi take da ni, na sani, don ko kunun da na kai mata ba ta taɓa ba. Zai wuce.

Ka gaida abokan aiki.

Taka,
Shatu.

Unguwar Mati.
Ranar Juma'a.

Abban Khairunnisa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ba zan ce maka muna lafiya ba. Da na je Daura na kira ka daga shagon Okafor na ce ka sa ya ba mu makulli, ka yi ta tambayata dalili na ce zan rubuto. Bakina ne ya kasa. Ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Da safiyar Talata Kabiru ya goya Inna a babur ɗin nan, zai kai ta bakin kwalta su hau motar haya. Ina leƙensu ta zaure, har ina cewa a raina na kama shi. Ba su daɗe ba sai ga shi ya dawo a ƙasa, ya rungumo ta kamar yarinya, su duka jage-jage da laka. A rafi babur ya zame suka faɗi cikin ruwa. Ya kwantar da ita ya fita, don ba zai iya canja mata kaya ba, ni na tsaya. Tana riƙe rigar tana ture hannuna, amma ba ta da ƙarfi. Da na cire sai na ga bandeji a naɗe a ƙirjinta na hagu, ya jiƙe da ruwan rafi da jini. Ɗankwalin ya zame, babu gashi ko ɗaya a kanta.

Ciwon daji ne a mama. Kabiru ya ce tun kafin azumi aka gano shi. Duk tafiyar nan babban asibiti suke zuwa a Kano, ana ɗura mata magani ta jijiya, mai ƙarfin da ke sa ta amai tun daga can har gida. Abin da Kabiru ke wankewa ke nan. Katifar don ba ta iya zama ne, labulen don kada 'yan unguwa su gan ta a haka, jarkokin kuma don kada ya tsaya neman mai a hanya da ita a kwance.

Na tare Kabiru ina kuka, na ce me ya hana shi faɗa ko da ranar da aka zo ɗaukar mota. Ya ce Inna ta sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Kai ɗan farinta ne, kunyarka take ji irin ta mutanen da, kai ma ka san ko sunanka ba ta faɗa, ko hira ba ta zama yi da kai. Ta ce gara ta mutu da a ce ɗan fari ya ji labarin ciwo a wannan wuri na jikinta. Ni kuma aka ɓoye mini don sun san duk abin da na gani sai na rubuta maka, kuma ba su yi ƙarya ba. Ranar da Okafor ya tayar da motar tana jin ƙararta daga ɗaki, ta san ranar asibitinta ta kusa, ta yi shiru.

Okafor bai ɓata lokaci ba da ya ji muryarka, har ya ƙara mana mai. Jif ɗin ta ratsa rafin da ya kayar da su, ruwa har ƙofa, ni ina baya na ɗora kan Inna a cinyata. A Kano likita ya yi faɗa sosai. Ranar da aka ba ta ta riga ta wuce tun motar tana Daura, ga ciwon ya sha ruwan datti ya kumbura. Ya ce ba za a ci gaba da maganin ba sai ya lafa, kuma bai ce mana ga abin da cutar za ta yi kafin nan ba. Ni na jawo wannan, da idona da alƙalamina. Na nemi gafarar Kabiru, ya ce ba komai, amma har yanzu ba ya kallona.

A hanyar dawowa Inna ta kama hannuna ta ce kada maganar nan ta kai Fatakwal. Ban yi mata alkawari ba, ga shi kuma na rubuta.

Ka taho gida, kada ka jira ƙarshen wata. Amma ina roƙonka abu ɗaya, kuma na san zai yi maka nauyi. In ka zo, ka tsuguna a bakin ƙofarta ka gaishe ta kamar kullum. Ka tambaye ta damina, ka tambaye ta awaki. Kada ka yi mata sannu da jiki. In kuka ya zo maka, ka riƙe shi har ka shigo ɗakina. Mutuncin nan shi kaɗai ya rage mata a hannu, na riga na raba ta da sauran.

Allah ya ba ta lafiya, ya kawo mana kai lafiya.

Matarka,
Shatu.