Na rantse ba zan taɓa motar ɗan Yayana ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na gaji da tunani, abinci ma ba ya yi mini daɗi.

Ni bakanike ne a nan Abuja, na fi shekara ashirin ina kwance ƙarƙashin motocin mutane. Yayana ne ya ɗauko ni daga gida bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon aiki, shi ya yi mini aure. Yana sayar da kayan marmari a Zuba, Allah ya buɗa masa sosai a 'yan shekarun nan da garin ya cika da kuɗi. Babban ɗansa, bari in kira shi Sadik, ya gama jami'a yana aiki, da albashinsa ya sayi wata tsohuwar mota mai ja da tayoyin baya ya shiga wasan mota, irin wanda suke yi ranar Lahadi suna juya mota tana hayaƙi jama'a na ihu.

Yaya ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya haɗa shi da malamai, duk a banza. Da ya rasa yadda zai yi sai ya juyo kaina, ya ce ni ne zan riƙa gyara masa, don haka in rantse ba zan ɗora sifana a motar nan ba. A gaban matarsa na rantse. A lokacin na ɗauka in yaron ya rasa mai gyara zai haƙura, ashe ni ne ban san 'ya'yan yanzu ba.

Sai ya kai ta wajen wani a Nyanya, aka cire injin aka saka babba, amma aka bar tsohuwar farfela. Ga wanda bai sani ba, farfela ita ce doguwar sandar ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, tana ɗauko ƙarfi daga giya ta kai wa tayoyin baya. Masu tsere na gaske suna ɗaura mata wani zoben ƙarfe mai kauri ta gaba, don in ta karye zoben ya riƙe ta. In babu zoben, ko ta caki ƙasa ta ɗaga motar sama, ko ta fasa ƙasan motar ta shigo daidai ƙafar direba. Ba labari aka ba ni ba. Na taɓa gani a wajen wani biki, ni na taimaka aka ciro yaron, har yau da sanda yake tafiya.

Makon jiya Sadik ya zo gareji gaishe ni. Yana saka giya zai tafi na ji ƙarar, ƙas, irin ta farfelar da haɗinta ya cinye. Na tsayar da shi na durƙusa na leƙa, hannuna a baya kamar mai gaida surukai, saboda rantsuwa. Babu zobe. Na ce ya ajiye motar, ya yi dariya ya ce Baffa kai ma ka zama Alhaji, wato babansa. Na ce to ya je a saka masa zoben, ya ce ya tambaya, mutumin nasa ya ce wannan ƙa'idar Turawa ce, nauyi kawai take ƙara wa mota.

Na tafi Zuba na sami Yaya a rumfarsa, na yi masa bayani dalla-dalla, har da zane a bayan kwalin lemo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in na saka masa wannan abu na gaya masa ke nan ya ci gaba, kuma duk wanda ya gyara wa mai hawan dutse takalmi shi ya tura shi. Ya ce in na karya rantsuwar kada in sake taka masa gida. Na san tsoro ne ke cinsa, ni ma shi ke ci na.

Na tambayi limaminmu, ya ce in yi abin da ya fi alheri in ciyar da miskinai goma kaffara. To malam, zuciyar Yaya fa, da me zan yi mata kaffara? Matata ta ce in saka a ɓoye. Ba ya ɓoyuwa, sai an huda ƙasan motar an ɗaure da noti, kuma Sadik ko shayi ya sha sai ya ɗora a waya duniya ta gani.

Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba, na riga na yanka ƙarfen na lanƙwasa na yi masa walda. Zoben yana nan cikin akwatin kayan aikina, aikin awa ɗaya ne. Kullum sai na buɗe na kalle shi na rufe.

Jama'a me zan yi? In saka in rasa mutumin da ya zame mini uba, ko in riƙe rantsuwata in zauna ina jiran waya? Don Allah masu zagi su yi haƙuri su bar ni da abin da ke damuna. Yau Alhamis, kuma Sadik ya ce gata, ranar Lahadi, zai fita.