Dutsen Baba a Majami'ar Istifanus

Suleja, Jihar Neja.

Zuwa ga ƙanwata Asibi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki a can Jos. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki. Ni dai ina nan, ƙafa ta kumbura, kunne ya yi nauyi, kuma tun rasuwar matata Philomena gidan ya yi mini girma. Maƙwabcina Malam Mahmudu ne ke leƙo ni safe da yamma.

Abin da ya sa na ba direban motar Jos wannan wasiƙa shi ne, an rushe tsohuwar majami'ar Istifanus ta ƙauyenmu na bayan Izom. Kin san yadda aka gina ta. Duk wanda aka yi wa baftisma sai ya ɗauko dutse ɗaya a kansa daga rafi zuwa kan tudu, ya sassaƙa masa alamarsa. Baba yakan ce da duwatsu aka jefe Istifanus har ya mutu yana roƙa wa masu jifansa gafara, saboda haka su kuwa da duwatsu za su yi masa ɗakin addu'a.

Malam Mahmudu ya kai ni a motarsa na gani da idona. Rushewar ba ta dame ni sosai ba, na san bangon ya tsage. Amma duwatsun nan ake turawa a baro ana cike ramin masai na sabon ginin! Na tambayi shugaban kwamiti, yaron da ni na koya wa karatu, ya yi dariya ya ce dutse ai dutse ne, wai in zo in ga tayil ɗin da aka sayo. Malam Mahmudu, wanda addinin ba nasa ba ne, shi ya tsaya ya roƙi leburori su dakata. Sun yarda har ranar Juma'a, sannan su zuba siminti.

Na duƙa a kan tulin har gwiwata ta ƙi, ina juya duwatsu, sai na gane na manta alamar Baba. Ke ce yake ɗagawa ki taɓa ta duk ranar Lahadi. Fartanya ce ko ƙafar kaza? Don Allah ki kira Malam Mahmudu kafin Juma'a, tunda ni ba na jin waya. Ina so a sa dutsen a kan kabarina.

Idan ke ma kin manta, kada ki ƙaga mini wata don ki faranta mini rai. Zan ɗauki wanda hannuna ya iya ɗagawa. Ko wanne ne, akwai wanda ya hau tudun nan da shi a kansa.

Ki gaida maigida, da 'yarki Daso da 'ya'yanta.

Yayanki,
Ɗantala