Amsar da Na Ba Baturen Tasha

Litinin, 8 ga Yuni, 1925

Malam Junaidu ya ce duk mai son hannunsa ya faɗa da boko ya riƙa rubuta abin da ya wuce masa a yini. To ga shi na fara. Shi akawu ne a tashar jirgin ƙasa, bayan la'asar yake koya mana Turanci a zaurensa nan Tudun Wada. Ya ce ana neman mai taimakon akawu a sito, Baturen tasha da kansa zai gwada mu. Ni da Labaran ya zaɓa.

Yau darasin faɗin ko kai wane iri ne. I am a Hausa man, wato ni Bahaushe ne. In mace ake nufi, she is. Wannan ɗan harafin a ɗin da ke gaban Hausa man kullum sai na manta shi. Malam ya ce, "Muntaka, kana barin mutum ba hula."

Laraba, 10 ga Yuni

Wai akwai wata kalma, Nigerian. Mu da Yarabawa da mutanen bakin teku duk sunanmu ke nan a wurin Turawa. Labaran ya ce shi dai Bazazzagi ne, kakansa na bakwai a cikin ganuwa aka binne shi. Malam ya ce to ya ce I am from Zaria, wannan gari ne, wancan iri.

Ya kuma ce sunan kowace al'umma da babban harafi ake fara shi. Labaran ya ce, "Har Gwari?" Zaure ya ɗauki dariya. Na yi tare da su. Ina jin tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Asabar, 13 ga Yuni

Ruwa tun safe. Inna ba ta fita da gyaɗarta ba. Na sake yi mata maganar kaya: ta riƙa ɗorawa a ka kamar sauran mata, ba a kafaɗa ba. Daga nesa ake gane ta. Ta ce shekara nawa Baba, Allah ya jiƙansa, yana tare da ita bai hana ta ba, shi da yake Bakano. Tana ƙarama aka kamo ta daga ƙauyensu, harshe ya kusa tafiya, suna ya tafi, aka sa mata Kulu. "Kafaɗar kaɗai suka bar min, Auta."

A aji ba wanda ya san Bagwariya ce. Labaran daga birni yake zuwa, bai taɓa shiga gidanmu ba.

Litinin, 15 ga Yuni

Korewa: I am not, she is not. Sauƙi gare shi.

Alhamis, 18 ga Yuni

An yi gwajin. Ban san ta inda zan fara ba.

A barandar ofis Baturen ya zauna, Malam na tsaye gefensa. Labaran ya fara, harshe ya sarƙe masa, ya ce shi ne Zariya ɗungurungum. Da aka zo kaina komai ya tafi daidai. Sunana, shekaruna, garinmu. Ya tambayi irina, na ce I am a Hausa man, ban manta a ɗin ba. Na ga Malam ya gyaɗa kai.

Sai ga Inna. Ban ci komai ba na fito, shi ne ta biyo ni da fura. Ƙwarya a kafaɗa, ta ratso tsakar filin tasha, kowa na gani. Ta tsaya ƙasan baranda ta ce, "Auta, ga ta nan kada ta yi tsami."

Ashe Baturen ya yi zama wajen Minna lokacin shimfiɗa layin dogo. Yana ganin kafaɗar ya washe baki, ya jefa mata gaisuwa da harshensu. Ta daskare. Sannan ta amsa, da wata murya da ban san tana da ita ba. Ya juyo gare ni ya ce, She is a Gwari woman. Is she your mother?

Labaran na kallona.

Na ce, No, sir. She is not.

Baturen ya ce da kyau, a fili amsar ta fito. Jimlar yake yabo. Inna ta ajiye ƙwaryar kan matakala ta juya. Na bar furar a wurin, ban san wanda ya sha ba.

Juma'a, 19 ga Yuni

Ni aka ɗauka. Litinin zan fara.

Asabar, 20 ga Yuni

Na yi ta gaya wa kaina ai ba ta jin Turanci. Yau tana ɓarar gyaɗa na zauna kusa, na ce Inna an ba ni aikin. Ta ce Allah ya sa albarka. Can, ba ta ɗago ba, ta ce, "Wannan no ɗin na san shi. Shi matan Turawa ke ce min in ba sa son gyaɗa."

Na ce ba haka ba ne, tambaya ce ta aiki. Ta ce to.

Da ma zagina ta yi.

Talata, 23 ga Yuni

Aikin ba wuya, duba buhuna da fatu. An ba ni kujera. Inna ta daina zama bakin ƙofar tasha inda ta fi ciniki, ta koma can gindin ɗorawa ta hanyar Gyallesu, inda ba mai wucewa sai masu jaki. Ba ni na ce ta koma ba. Ban kuma ce ta dawo ba.

Tuwo yana nan a rufe kullum in na dawo. Ita ce dai ba ta zama in ci.

Alhamis, 25 ga Yuni

Malam ya tsayar da ni bayan kowa ya watse. Ya ce shekara da shekaru yana sayen gyaɗa wurin Inna Kulu, tun ina rarrafe ya san ni. "Jimlarka ba kuskure a cikinta. Ni na koya maka, shi ya sa abin ya tsaya min a wuya." Bai ƙara ba, ya shiga naɗe tabarma.

Na bi ta bayan gari don kada in haɗu da kowa.

Lahadi, 28 ga Yuni

Ba barcin kirki. Ba abin rubutawa.

Laraba, 1 ga Yuli

Darasin my da your. Kowa ya kawo jimla. Wani ya ce rigarsa, wani dokin ubansa. Ni na shirya zan ce littafina. Da na miƙe sai na ji bakina ya ce, My mother is a Gwari woman. Labaran ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mai da ita tari. Malam ya ce, "Daidai. Na gaba."

Gwajin jimla ne kawai. Ita ce ta fara zuwa min.

Litinin, 6 ga Yuli

Baturen ya shigo sito da hantsi. Yana fita na bi shi na ce, Sir, she is my mother. Ya tsaya yana dubana, ina jin ya ma manta wace. Ya ce to, to, ya wuce. Ba abin da ya faru, kujerata na nan.

Da aka tashi na biya ta gindin ɗorawa, don dai hanyar ta fi bushewa. Ciniki bai yi ba, rabin gyaɗar na nan. Muka taho tare. Ban gaya mata abin da na ce wa Baturen ba, na dai tambaye ta me ya ce mata ran nan. Sai da muka wuce rijiya sannan ta ce gajiya ya tambaye ta. Ta ce kuma su ba Gwari suke ce wa kansu ba, Hausawa ne suka sa musu. Gbagyi. Haka dai na ji shi, ban tabbata haka ake rubutawa ba. Farkon sunan a haɗe yake fita, leɓe da maƙogwaro lokaci guda.

Na gwada, ya ƙi. Na sake. Ta kau da kai, amma na ga kafaɗarta na motsi.

A ƙofar gida ta ce, "Ba haka ba, Auta. Sake."