Malamar Tazara Ta Yi Kwanika

Daura,
Farkon damina.

Zuwa ga Yayata Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya garin Mashi, yaya ruwa? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. A gidan nan waya ba ta da sirri. Da na ɗaga, Inna, uwar maigidana Sabiru, za ta tuna tana da tsintar wake a ƙofar ɗakina.

Albishirinki, na samu aikin nan. Wata ƙungiya ce mai aiki da wani ƙaramin asibiti a wajen Zango. Aikina in hau babur in shiga ƙauyuka, in tara mata in yi musu bayanin tazarar haihuwa. Shugabarmu, Hajiya Maiturare, ban taɓa ganin haƙorinta ba. Ta ce wata uku na gwaji ne, wadda ta yi wasa ta koma gida. Amma ta yarda in riƙa zuwa da goyo, tunda 'yarki ba ta bar nono ba. Kin san tun da kasuwar bakin iyaka ta mutu Sabiru sai buga-buga, yanzu gidan nan kaf aikin nan yake kallo.

To ga abin da ya hana ni sakat. Yaya, ina da ciki. Ni Haulatu, da goyon da bai cika shekara ba, na yi kwanika, kuma ni aka ɗauka in koya wa mata hutu tsakanin haihuwa da haihuwa. Yi dariyarki, na san sai kin yi. Ni dai kuka na sha. Sabiru kaɗai ya sani, ya ce in gaya wa Hajiya, na ƙi. Hijabi yana da faɗi, zan lallaɓa har gwajin ya ƙare.

Na san za ki ce in kawo miki yarinyar ki yaye ta. Kada ma ki fara. Ba ta kai ba, ni ma ban kai ba.

Ki gaida kowa. Taki,
Haulatu.

Daura,
Tsakiyar damina.

Yaya Ikilima,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ƙafar maigidan ta yi sauƙi. Na ga saƙonki da daddawar, Allah ya saka. Faɗan ma na gani. Har da cewa har yanzu ina kunyar faɗin sunan 'yar fari kamar matan da, amma ban ji kunyar yi mata ƙani da wuri ba. Na ji, na haɗiye.

Ruwa ya cinye hanyoyi. Maharazu, mai babur ɗin da ke kai ni, mutumin kirki ne, amma bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi har cikin marata. Ga yarinya a baya, ga wani a gaba, ga warin fetur. Addu'a nake tun daga Zango har mu sauka.

Shekaranjiya asirina ya tonu. Ina tsaye a tsakar gidan mai gari, na ɗaga hoton mace mai goyo da ciki ina nuna wa mata irin wahalar da ke ciki, sai wata tsohuwa, Iya Shatu, ta ƙura wa wuyana ido. Ta tambaya da ƙarfi ko hoton nawa ne, don ita ba ta ga bambanci ba. Yaya, gidan ya ɗauki shewa. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ban musa ba, ta yaya zan musa wa wadda ta karɓi haihuwar rabin garin? Na ce gaskiya ne, na yi sakaci, kuma ga ni ina ɗanɗana kuɗata, shi ya sa ba na so su ɗanɗana.

Abin mamaki, matan da kullum suke saurarona kamar rediyo, ranar sai da suka ja ni bayan rumbu ɗaya bayan ɗaya suna tambayata abin da ba su taɓa tambaya ba. Amma ban ji daɗin ba, domin Maharazu yana zaure, ya ji komai. A hanyar dawowa sai ya riƙa kauce wa ramuka. Kullum na shiga ofis sai na duba fuskar Hajiya. Saura kaɗan gwajin ya ƙare. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Haulatu.

Daura.

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, ina fatan kuna lafiya. A kwance nake rubuta wannan.

Ranar Laraba muna dawowa babur ya zame a laka. Ba mu faɗi ba, amma kafin mu iso na ga jini. Maharazu bai tambaye ni ba, kai tsaye ya wuce da ni asibitinmu, gaban Hajiya. An duba, cikin yana nan, alhamdulillahi. An ce in kwanta, kuma kada in sake ɗaukar goyo.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce ba cikin ne ya ɓata mata rai ba, ɓoyewar ce, da na mutu a hanya ita za a tambaya. Ta ce aikin na mai hawa babur ne, ni kuwa na gama hawa, don haka in je gida za ta yi magana da na sama da ita. Da na dawo gida Inna ta ji komai. Ba ta yi mini gori ba, sai kallon tukunya da take yi, wannan ya fi gorin ciwo. Duk ƙarar wayar da na ji sai na duba ko Hajiya ce.

Haulatu.

Daura,
Kaka ta kusa.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Jikina da sauƙi sosai, jinin ya tsaya.

Jiya Hajiya ta zo har gida. Ashe ranar awo mata suka cika asibiti daga garin su Iya Shatu, garin da a da sai an roƙe su suke zuwa. An ba su wata ma'aikaciyar, suka ce su mai kwanikar nan suke nema. Sunan da zan mutu da shi ke nan. Hajiya tana ba ni labari, na ga haƙorinta karon farko.

An bar mini aikina. Babur ya fita daga ciki. Ranakun awo zan zauna a asibiti daga safe zuwa azahar, sauran ranakun in bi matan ta waya daga gida. In na haihu in yi jegona, in dawo da jariri. Sharaɗi ɗaya ne: ba goyo, ba shayarwa, haka likita ta ce saboda jinin nan. Yarinya kuwa ta fara tafiya, ba mai iya tsare ta a asibiti, Inna kuma gwiwa ba ta barinta ta bi ta.

Don haka ba direba ne ya kawo miki wannan takardar ba. Sabiru ne, kuma kin ga abin da yake saɓe da shi. Abin da na hana ki tun farko, ga shi ni da kaina na aiko miki.

Tana son kunun gyaɗa, amma ba mai zafi ba. Ba ta barci sai ta riƙe kunnen mutum, ki bar mata naki. Tsohon zanen da ke cikin jakar ban wanke shi ba, da gangan ne, ki shimfiɗa mata. In ta yi kuka kada ki gaya mini, in kuma ba ta yi ba, shi ma kada ki gaya mini.

Kin daɗe kina tsokanata ba na faɗin sunanta. Tun safe Sabiru ya fita da ita don in saba, ni kuwa ina ta faɗinsa a ɗakin nan, ba mai amsawa. Ki riƙe mini Khairunnisa da kyau, Yaya. Aro na ba ki.

Taki har kullum,
Haulatu.