Na Ci a Wurin Aiki

Litinin, 8 ga Satumba

An sallame ni. Ba su yanke komai ba. Wani ɗan zobe suka ɗaura a saman tumbina, abinci ya riƙa tsayawa a sama sannan ya sauka a hankali, ko ƙiba ta ragu. Ƙananan huji a ciki, sai kafaɗa da ke ciwo. Ina ruwan kafaɗa, oho. Sati biyu ruwa-ruwa kawai.

Yaya ce ta zauna da Baba kwana biyun da na yi a asibiti. Ina shigowa ta suri jakarta. "Ke kam kina ƙoƙari," ta ce, ta gangara bene.

Baba ya tambaya ko daga shago nake. Na ce eh. Na sha gaya masa maganar aikin asibitin nan kafin in tafi, amma sabon abu ba ya zama a kansa yanzu. Tsohon abu kuwa, har sunan direban da ke kai su masaƙa yana nan.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na koma wurin mai koya mana cin abinci. Na raɗa mata Malama Tauna, don ba ta haɗa jimla biyu ba ta ce "ki tauna" ba. Dokokinta: loma ƙanana. Ba ruwa a kan abinci. Farantin kofin shayi, ba na mutane ba. A zuba a kicin, kada tukunya ta zo tebur. Abin da ido bai gani ba, baki ba ya nema.

Wannan na riga na yi. Tun kafin aikin na kwashe kabad tas, biskit, taliya, gwangwanaye, na ba Yaya ta kai wa yaranta. In an buɗe yanzu sai gishiri da ganyen shayi.

Asabar, 20 ga Satumba

Romo a kofi. Na fara jin haushin romo kamar mutum.

Tun rasuwar Mama, Baba ba ya cin abinci shi kaɗai. Sai an zauna gabansa ana ci. Kuma ga shi da jan lokaci, ya kai loma, ya ajiye cokali, ya ba da labari. A da ina cinye nawa in ƙara, in sake ƙarawa, har ya gama. Yanzu ina zama da kofina. Yau rabi ya ci. Haƙoransa ne, ina jin.

Talata, 30 ga Satumba

Na koma shago. Gyaran tufafi dai: a rage ƙugu, a saki hannu, a canja zif. Mai guga ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hajiya, ina kika baro sauran?" Na ce yana hanya.

Abincin rana: dankali da aka dama da kifi, cokali huɗu. Na ƙoshi kamar na ci ragon wani.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Tafiyar yamma. Daga ƙofar gini zuwa kantin magani, in dawo. Gwiwar hagu tana ƙorafi, ban kula ta ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Na rage siket ɗina guda biyu. Ban yanke rarar ba, na naɗe ta ciki na bi da ɗinki. Na sha rage kayana a rayuwa, na sha kuma warwarewa. Wanda ya san halin jikinsa ba ya saurin ɗaukar almakashi.

Sugana ya sauka. Likita ya cire min ƙwaya ɗaya daga cikin biyun da nake sha. Ya yi murna fiye da ni.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Baba ya tura min farantinsa. Na tura masa. Ya sake turowa.

"Ci mana, Baba."

"Na ci a wurin aiki."

Shekara goma sha biyar rabonsa da aiki. Ban yi gardama ba, an ce kada a riƙa gyara masa magana. Na rufe abincin na sa a firij.

Juma'a, 24 ga Oktoba

An matse zoben karo na farko. Akwai wata 'yar mahaɗa a ƙarƙashin fata, likita ya soka allura ya tura ruwa, zoben ya ƙara tsukewa. Ya ba ni ruwa na sha a gabansa, ya wuce. Shi ke nan.

Yanzu ƙwai ɗaya ma sai na yi shawara da shi.

Na hau benen gida ban tsaya hutawa a tsakiya ba. Babu kowa a wurin, na tsaya a bakin ƙofa ina haki ni kaɗai.

Litinin, 27 ga Oktoba

A shago na buɗe jaka neman tef, sai ga dafaffen ƙwai da yankan burodi a ƙulle cikin hankicin Baba. Burodin ya bushe. Mai guga ya ce ana ji da ni. Na zuba a shara. Ga shi an fara ɓoye abinci kuma. Wata sabuwa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Baba ya miƙe daga kujera wando ya zame. Ya cafke da hannu ɗaya. Na ɗauko tef. Inci uku.

Inci uku! Ni da nake gane ƙugun baƙo tun daga bakin ƙofar shago. Kullum ina kan sikeli ina duba kaina, mutumin da ke gabana yana narkewa.

Na rage wandon. Shi ma ban yanke ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Asibiti da Baba. An ɗebi jini, an duba baki, an danna ciki. Babu komai. Likitansa ya ce a shekarunsa rama irin wannan ba abin wasa ba ce, in ya ci gaba a haka faɗuwa ɗaya ko zazzaɓi ɗaya ya isa ya kwantar da shi, kuma tashi sai Allah. "Ku sa ya ci." To. Kamar maɓalli ake dannawa.

A hanya na saya masa gasasshiyar kaza. Ya riƙe ledar har gida ya miƙa min.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na kira Yaya. Ta fara da shawarwarinta, a canja mai, a gwada madara, a gwada kaza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce ai ba ƙin abincin yake ba, cewa yake wai ya ci a wurin aiki.

Nan take muryarta ta canja.

"Haka ya ce? Da bakinsa?"

Ta ce ni ba zan tuna ba, ina goye. Shekarar da aka rufe masaƙa, wata da watanni yana fita da safe da kayan aiki alhali babu aikin. In ya dawo Mama ta zuba, sai ya leƙa tukunya. In ya ga ƙasanta, ya ce ya ci a wurin aiki, a ba yara. Ta ce har ƙwai yake sa mata a jakar makaranta.

Sai ta ce, "Wai ke me kike ci a gabansa?"

Na ce sai anjima.

Na shiga kicin na buɗe kabad. Gishiri, ganyen shayi. Farantin kofi a wurin wanke-wanke. Ni kuma kaya na yawo a jikina. To me zai ɗauka? Ya ga yunwa ta shigo gidansa, yana yin abin da ya iya.

Na yi kuka. Kaɗan.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Na yi masa bayani dalla-dalla. Zobe, likita, suga. Har tabon na nuna masa. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Da aka zo cin abinci ya dubi ɗan farantina ya ce, "Kar ki damu, za a buɗe masaƙar."

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Wauta. Na ɗauko babban faranti na cika da shinkafa da nama, na haɗa da burodi, na ce bari ya ga ana ci. Loma ta shida ta tsaya a ƙirji kamar dutse. Ba gaba ba baya. Miyau na ta zuba, na ruga wurin wanke hannu, na daɗe a sunkuye kafin ya fito.

Da na juyo yana bakin ƙofa riƙe da kofin ruwa. Ruwan da ba zan iya sha ba. Na karɓa.

Ranar gaba ɗaya bai ci komai ba, ni ma haka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na ce wa likita ya sassauta zoben. Ya zuƙe ruwan duka in zai yiwu, in riƙa ci kamar da. Ya ce zai yiwu, allura ɗaya ce, jikina ne. Ya ce amma in sani sugan zai dawo, gwiwar ma. Malama Tauna ta ce in bari a yi tunani. Na ce ni ba ni da lokacin tunani, ubana ne ke ƙarewa. Sun ba ni ranar ashirin da ɗaya.

Ban ji komai ba. Na biya ta kantin zare na sayi baƙi da ruwan toka.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Shago ya cika, kowa na son kayansa jiya. Na dawo a gajiye, ƙafa kamar ba tawa ba. Na dafa dankali da kifi. Ban iya tsayuwar zubawa a kicin ba, na ɗauko tukunyar ɗungurungum na dire a tebur. Malama Tauna ta yi haƙuri.

Baba ya miƙa wuya ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki ludayi ya nutsa har ƙasa, ya ɗago.

"Yara sun ci?"

"Sun ci, Baba. Wannan saura ne."

"Duk wannan?"

"Duk."

Ya zuba da kansa. Ya ci. Ya ba ni labarin direban nan da na ji sau ɗari. Ya ƙara rabin ludayi. Ni ina ta tauna loma ɗaya har ta zama ruwa, don na lura in na ajiye cokali yana ajiyewa.

Ban ce komai ba, kar in ɓata.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Kasuwa. Shinkafa, taliya, gwangwanaye, har biskit ɗin da na rantse na rabu da shi. Na jera a kabad, na bar ƙofarsa a buɗe. Ya zo wucewa ya tsaya, ya taɓa buhun shinkafar da tafin hannu, ya wuce.

Farantin kofin ya koma ƙarƙashin kofinsa. Na ɗauko babban faranti irin nasa, ina baza ɗan abincina ya yi faɗi.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Da wuya, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Zoben a ciki yake, ba a ido ba. Zama gaban cikakkiyar tukunya ciki a ƙoshe rai na so, wani irin abu ne. Jiya na ci biskit uku a tsaye. Biskit kam ba ruwansa da zobe, sulɓewa yake.

Yau na fita tafiya kafin in ci na huɗu. Na wuce kantin magani har gada. Baba ya biyo ni rabin hanya da sandarsa, ya zauna a kan dakalin mai gyaran takalmi ya jira ni.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Aiki ya yi yawa a shago. Ban samu zuwa asibiti ba.

Litinin, 1 ga Disamba

Sun kira daga asibiti ko a ba ni wata ranar. Na ce zan neme su.

Malama Tauna ta karɓi wayar. Na gaya mata tukunya na tebur, kuma nan za ta zauna. Ta ce to in dai ina taunawa.

Lahadi, 7 ga Disamba

Baba ya ce wandonsa na cin sa a ƙugu, wane tela ne ya yi wannan aikin banza. Na ce zan yi masa magana. Na warware inci ɗaya. Gara da ban yanke ba.

Tunda keken ɗinki na buɗe, na sake rage siket ɗin nan biyu. Rarar ta yi yawa a ciki, tana tudu. Na sa almakashi. Don tudun ne kawai.

Da rana kifi. Ya rage yanka ɗaya a farantinsa, ya ɗauka da cokali ya nufo nawa, ya tsaya a hanya.

"Kin ƙoshi?"

"Na ƙoshi, Baba."

Ya dube ni sosai, irin kallon da yake wa tukunya. Ban kawar da kai ba, don gaskiya na faɗa.

Ya mayar ya cinye.