Asabar Ɗin Muhsinat

Al Rigga, Dubai.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen gida. Gwiwata ta yi sauƙi, har ina sauka ƙasa ba sanda. Tunda waya ba ta yi maka daɗin ji, na ba Halliru ɗan kasuwa wannan takarda, zai taho Kano da kayansa.

Ka tambayi jikarka Muhsinat. Malam, gida ɗaya muke amma sai na yi sa'a nake ganinta. Aji takwas take, kamar JSS 2 namu, amma autarka Ummulkhair ta jibga mata muhawara, da iyo, da harhaɗa na'ura, da tsintar shara a bakin teku. Ranar Asabar kuma aikin sa kai a wata cibiyar yara masu lalura a unguwar Satwa. Kowanne sai an karɓo takardar shaida. Wai jami'o'in waje ba sakamakon jarrabawa kaɗai suke dubawa ba. Shekaranjiya yarinyar ta yi barci da cokali a hannu. Na yi magana, uwar ta ce ban san yadda zamani ya koma ba. Wataƙila da gaskiyarta.

Ka riƙa shan maganinka a kan lokaci.

Taka,
Jummai.

Al Rigga, Dubai.

Malam,

Sallama da fatan alheri. Ya jiki, ya makarantar Islamiyya?

An yi taron iyaye, na raka Ummulkhair. Malamar da ke ba da shawara kan shiga jami'a ta ce mana yawancin jami'o'i daga aji tara suke fara lissafi, abin da yaro ya yi kafin nan ba a ma tambaya. Sai dai in ya fara wani abu da wuri ya kuma riƙe shi har ya gama sakandare, wannan yana nuna halinsa. Ina ganin rabin farko kawai 'yarka ta ji. A mota ta ce khalas, wato shi ke nan, an soke komai, Asabar ta koma ta darasin lissafi.

Muhsinat ta yi murnar rabuwa da muhawara har da tsalle. Da aka zo kan Satwa sai ta tashi ta shige ɗaki.

Da na lallaɓa ta ne na ji labarin. Akwai wata yarinya a cibiyar, Sherifa, shekararta kamar takwas, harshenta yana da nauyi. 'Yan Ghana ne, uwarta Adizatu tana gyaran ɗakuna a otal. Yarinyar ba ta jin Turanci ko Larabci, sai Hausarsu ta Kumasi, kuma a duk masu zuwa taimako jikarka ce kaɗai Bahaushiya. Ita ke zama kusa da ita tana maimaita mata abin da malamai suka ce.

Asabar biyu ke nan Muhsinat ba ta je ba. Jiya Adizatu ta kira, tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifi. Ta ce Sherifa ta ƙi shiga aji, a bakin ƙofa take zama da jakarta a cinya har a tashi. Cibiyar ta ce in haka ta ci gaba za a ba wani yaro gurbinta.

Ban so shiga tsakanin uwa da 'ya ba, ga shi a gidan suruki nake. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Jummai.

Al Rigga, Dubai.

Malam,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, na gode da kilishin, surukinka Sulaiman ya kusa cinye shi shi kaɗai.

Ban yi faɗa ba, kamar yadda ka ce. Na dai roƙi Ummulkhair ta kai mu Satwa sau ɗaya, yarinyar ta yi sallama da mutane yadda ya kamata. Ta yarda tana duba agogo.

Mun tarar da Sherifa a bakin ƙofar. Ba ta taso da gudu ba, ba ta yi dariya ba. Ta dubi Muhsinat ta ɗaure fuska, ta daɗe tana kokawa da bakinta, sannan ta ce, "Kin makara." Ta kama gefen hijabinta ta ja ta ciki. Adizatu ta juyo gare mu. Ta ce mana kalma ɗai-ɗai ta saba ji daga bakin 'yarta, ba ta taɓa haɗa biyu ba.

Muka fito muka hau titi. Can 'yarka ta ce ai malamar taron iyaye ma ta ce abin da aka daɗe ana yi yana da amfani a jami'a, don haka a mayar da lissafi Lahadi. Muhsinat ta buɗe baki za ta ce ba don jami'a take zuwa ba, na matse mata hannu. Kowa ya riƙe dalilinsa, tunda dai Satwa motar za ta.

Likita ya sallame ni, ina nan tafe ƙarshen wata in Allah ya yarda. Ka gaida kowa da kowa. Muhsinat ta ce in gaya maka ba za ta biyo ni wannan karon ba, ana jiranta ranar Asabar.

Taka har kullum,
Jummai.