Ranar da Na Je Belin Kwamfuta

Daura, Jihar Katsina.

Zuwa ga ɗana Sha'aban, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya da buɗi, ya tsare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Mu nan sai godiya. An yanke gero a gonar Zango, na bana ya fi na bara. Gyatumarka ƙafa ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye.

Dalilin wannan takarda shi ne in riga gyatumarka ba ka labari, don in ta bakinta ya iso maka, da gishiri zai zo. Kwamfutar nan da ka saya wa ƙanwarka Hasana, wadda duk aikin bincikenta na gama kwaleji yake ciki, ita aka kama. Ranar Laraba da hantsi ta kunna, sai allon ya kulle, ga tambarin 'yan sanda, ga dogon Turanci, ga agogo yana ƙirge. Tana kuka ta fassara mini: wai an same mu da shiga inda doka ta hana, mu biya tarar naira dubu sittin da katin waya cikin kwana biyu, in ba haka ba a goge komai, a zo a tafi da mai gida. Aikin kuwa Litinin za ta miƙa shi. Da na leƙa, sai ga hotona ya fito a gefe, hula a karkace, baki buɗe. Ni kaina da na ga fuskar nan na ce lallai wannan mai laifi ne.

To ka san ubanka, aji huɗu a firamare, shekara talatin a dillancin dabbobi. Na ce a fara da tayi. Na sa Hasana ta rubuta dubu biyar a gurbin da suka bari. Shiru. Na ƙara zuwa bakwai, ko albarka ba su ce ba. Nan jikina ya fara ba ni. Tun da nake ban taɓa ganin sammaci ya shigo gidana bai biyo ta wurin mai unguwa ba, kuma ni ba na cinikin biri a sama, ko akuya ba na biyan kuɗinta sai na ga idon mai ita. Sai na zura rigar Juma'a, na naɗe kwamfutar a zanen gyatumarka, na ɗauko Mai Unguwa Kalilu, muka nufi caji ofis belinta.

Ɗan sandan da ke kan kanta ya tambayi wa muka zo beli, na kwance zane na ajiye masa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kira abokan aikinsa su ma su sami rabonsu na dariya. Da ya natsa ya ce ba su ba ne, 'yan damfara ne ke aron tambarinsu. Ya ce hukuma ba ta karɓar tara da katin waya, kuma da na biya, ba lallai su buɗe ba, ƙari za su nema. Mai Unguwa kuwa nan take ya rantse shi dama rakiya kawai ya yi.

Daga nan sai shagon Chidiebere mai gyaran kwamfuta. Ya ce wani abu na kyauta Hasana ta sauke, ɓarawon ya biyo bayansa, amma ƙofa kawai ya kulle, bai taɓa kayan ɗaki ba. Kafin la'asar ya kore shi, ya kwafe mata aikin a wata 'yar ma'ajiya kamar ɗan yatsa, ya ce ta riƙa ajiyewa wuri biyu. Kai ma ka yi wa taka haka, tun da gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta. Litinin ta miƙa, malaminta ya sa hannu. Watan gobe za a yaye su, ka nemi hutu ka zo. A layin gaba za ka same ni, domin ina da kaso a takardar shaidar da za a ba ta.

Ka gaida matarka Amatullahi da kawunka Zailani. Amaryata, jikata Rauda kuwa, ka ce mata in ba ta fara tafiya ba kafin ku zo, na fasa auren. Gyatumarka da Hasana da gwaggonka Kande duk suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinka,
Sabiru Dillali.